Mai gini da mai tsawatarwa a ofis ɗaya: fashin baƙi kan Ma'aikatar Muhalli da Tsara Birane ta Turkiyya

Tun da aka tsayar da birnin Antalya a matsayin wanda zai karɓi baƙuncin babban taron duniya kan sauyin yanayi, COP31 na watan Nuwamban 2026, sunan wata ma'aikatar Turkiyya ya riƙa yawo a labarai: Ma'aikatar Muhalli, Tsara Birane da Sauyin Yanayi. Mai sauraro a Kano ko Maraɗi, da zarar ya ji an ce "muhalli", abin da zai faɗo masa a rai shi ne dashen itatuwa, kwashe shara da yaƙi da kwararowar hamada. Sai dai wannan ma'aikata ce kuma aka yi ta nuna wa yatsa bayan girgizar ƙasar 6 ga Fabrairun 2023, lokacin da ake tambayar wa ya bari aka ɗaga benayen da suka rufta wa mutane suna barci. Ita ce dai ta koma tana gina wa waɗanda suka tsira sababbin gidaje.

To yaya aka yi ma'aikata guda ta zama ita ce mai kare ƙasa da ruwa da iska, ita ce mai yanka fili, ita ce mai gini, kuma ita ce mai sa ido kan masu duba ginin? Idan buƙatar gini ta ci karo da buƙatar kare muhalli, wa ke taka wa wa birki?

Yadda aka ɗaura wannan aure

A da gidajen biyu ne. Turkiyya ta kafa ma'aikatar muhalli mai zaman kanta a 1991, daga baya a 2003 aka haɗe ta da ta gandun daji. A ɗaya gefen akwai tsohuwar Ma'aikatar Ayyuka da Matsugunai, wadda ke kula da gine-ginen gwamnati da ƙa'idojin gini. A 2011, daidai lokacin babban zaɓen da jam'iyyar AKP ta Rajab Tayyib Erdogan ta lashe karo na uku, aka yi garambawul ta hanyar dokar da majalisar ministoci ta fitar. Aka ɓalle sashen muhalli daga na daji, aka kai shi gidan masu gini, aka raɗa wa jaririyar suna Ma'aikatar Muhalli da Tsara Birane. Daji da ruwa kuma aka yi musu tasu ma'aikatar daban.

Wanda aka fara danƙa wa kujerar ya isa ya nuna inda aka dosa. Erdogan Bayraktar ne, mutumin da ya shafe shekaru yana shugabantar TOKI, hukumar gwamnati mai gina rukunin gidaje. Ya sauka a Disambar 2013, a tsakiyar binciken cin hancin da ya girgiza gwamnati a lokacin. Murat Kurum, wanda ya riƙe ma'aikatar daga 2018 zuwa 2023, ya kuma dawo a Yulin 2024 bayan ya sha kaye a hannun Ekrem Imamoglu a zaɓen magajin garin Istanbul, injiniyan gini ne da ya fito daga Emlak Konut, kamfanin gidaje da ke da alaƙa da TOKI. Mehmet Ozhaseki, wanda shi ma ya hau kujerar sau biyu, tsohon magajin garin Kayseri ne. Duk wanda ya bi jerin zai ga cewa masu siminti ne iyayen gida, muhalli kuwa ɗan riƙo.

A Oktoban 2021 majalisar dokokin ƙasar ta amince da Yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi, Turkiyya ta zama ta ƙarshe a ƙasashen G20 da ta yi hakan. A cikin watan ne aka ƙara wa ma'aikatar "Sauyin Yanayi" a sunanta, aka kuma mayar da hukumar hasashen yanayi ƙarƙashinta.

Me da me ke hannunta?

A Najeriya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamnoni, shi ya sa rigimar fuloti a Kano ko Kaduna ba ta cika isa Abuja ba, kuma ma'aikatar muhalli ta tarayya daban take da ta gidaje. Turkiyya ba tarayya ba ce. Larduna 81 gare ta, kuma daga Ankara ake naɗa wa kowanne gwamna. Ma'aikatar na da ofishi a kowane lardi.

Hukumar rajistar filaye, wadda ke ba da takardar mallaka da Turkawa ke kira "tapu", a ƙarƙashinta take. Bankin da ke ba ƙananan hukumomi rancen aikin ruwan sha da magudanai nata ne. Tun 2018, da ƙasar ta koma tsarin shugaba mai cikakken iko, aka ƙara mata TOKI da kuma kula da filayen baitulmali, wato ita ke sayarwa ko ba da hayar ƙasar gwamnati. Ita ke ba kamfanonin duba gini lasisi. Tana da ikon zana wa wasu yankuna taswira da kanta ko da magajin garin wurin bai so ba. Sannan duk wani babban aiki, ko madatsar ruwa ne, ko ma'adinai, ko tashar lantarki, sai an kawo mata rahoton tantance illarsa ga muhalli ta sa hannu kafin a kafa diga.

Abu guda da mutane ke yawan kuskurewa: izinin gina gida na yau da kullum, da takardar shaidar cewa gini ya kammala ana iya shiga, daga ƙaramar hukuma suke fitowa. Wannan ya sa duk lokacin da bene ya faɗi ake samun wurin tura laifi. Ankara ta ce magajin gari ne ya ba da izini, magajin gari ya ce dokar da na bi taku ce.

Gejekondu, awon igiyar Turkawa

Ba za a fahimci rigimar ba sai an koma shekarun 1950. A lokacin kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na Turkawa ke zaune a birni. Istanbul ba ta wuce mutum miliyan ɗaya da ɗoriya ba. Yau ta haura miliyan 15. Da taraktoci suka shiga gona, aikin hannu ya ragu, mutanen karkarar Anatoliya suka yi ta kwararowa birni neman aiki a masana'antu. Gwamnati ba ta tanadar musu wurin kwana ba. Sai su sami filin gwamnati a bayan gari, dangi da 'yan garinsu su taru da dare, kafin gari ya waye an ɗora rufi. Sunan irin wannan gida "gejekondu", ma'ana wanda aka kafa cikin dare. Bakano zai gane abin nan take, domin ɗan'uwan awon igiya ne: babu taswira, babu kwata, lungu ya yi ta murɗewa yadda ya ga dama.

Mazauna waɗannan unguwanni suna da ƙuri'a, 'yan siyasa kuma sun san lissafi. Tun daga 1948 gwamnatoci suka riƙa fitar da dokokin yafe wa masu ginin da ba izini, mafi shahara a cikinsu ta zamanin Turgut Ozal a 1984. Da mutum ya sami takarda, sai ɗan kwangila ya zo masa da tayi: ba ni filin, in ɗora bene hawa biyar, ka ɗauki gida biyu, in sayar da sauran. Haka ƙananan gidaje masu lambu suka rikiɗe suka zama benaye, da yawa ba tare da injiniya ya leƙa ba. Wanda ya ga maƙwabcinsa ya ƙara hawa ɗaya bai ga abin da ya same shi ba, shi ma sai ya bar rodi a tsaye a saman rufi, yana jiran kakar zaɓe.

Girgizar Izmit ta 17 ga Agustan 1999, wadda ta kashe mutum sama da 17,000, ta farkar da ƙasar. Aka kawo inshorar girgizar ƙasa ta dole, aka yi dokar duba gini a 2001, aka sabunta ƙa'idojin gini a 2007 da 2018. A rubuce, ƙa'idojin Turkiyya ba su da abin kunya a gaban na kowace ƙasa. Amma dokar duba ginin ta fara aiki ne a larduna 19 kacal, sai a 2011 ta game ƙasa. Kuma har zuwa farkon 2019, ɗan kwangila shi ke zaɓar kamfanin da zai duba masa aiki, kuɗin ma ta hannunsa yake bi. Mai duban da ya cika tsanani ya san ba zai sake samun kira ba. Daga 2019 ne aka koma kwamfuta ke raba aikin.

Takardar sulhu ta 2018

A watan Mayun 2018, makonni kaɗan kafin zaɓen 24 ga Yuni, majalisa ta zartar da abin da gwamnati ta kira "imar barishi", wato sulhun gine-gine. Masu suka sun ƙi wannan suna, suna cewa "imar affi". Kalmar "af" ɗin nan tushenta ɗaya da "afuwa" tamu, duk daga Larabci. Gwamnati na cewa sulhu ne tsakanin ƙasa da 'ya'yanta, su kuma suna cewa afuwa ce ga mai laifi.

Ga yadda abin ya kasance. Duk ginin da aka yi kafin ƙarshen 2017 ba tare da izini ba, ko aka saɓa wa taswirar da aka amince da ita, mai shi zai iya shiga shafin gwamnati na intanet ya bayyana abin da ya gina. Sai ya biya kashi 3 cikin 100 na ƙimar ginin idan gidan zama ne, kashi 5 idan na kasuwanci ne. Ma'aikatar ta ba shi takardar rajista. Da wannan takarda za a jona masa ruwa da wuta da gas, a soke hukuncin rusau idan akwai, a kuma yafe tarar da bai biya ba. Babu injiniyan gwamnati da zai zo ya ƙwanƙwasa ginshiƙi ko ya ɗebi kankare ya kai awo. Dokar ma ta faɗa ƙarara cewa batun ko ginin zai jure girgizar ƙasa yana wuyan mai shi.

Wannan jimla guda ita ce zuciyar al'amarin. Ma'aikatar da aka ɗora wa tabbatar da ingancin gini ta karɓi kuɗi, ta buga hatimi, sannan ta zare hannunta daga tambaya ɗaya tilo da ke raba rai da mutuwa. Miliyoyin mutane sun nema, baitulmali ya tara biliyoyin lira. Ƙungiyoyin injiniyoyi da masu zanen gini sun yi ta kururuwa tun a lokacin, ba a saurare su ba.

Gargaɗin farko bai daɗe ba ya zo. Ranar 6 ga Fabrairun 2019, wani bene mai hawa takwas ya rufta a unguwar Kartal ta Istanbul, babu girgiza babu komai, mutum 21 suka mutu. Bincike ya nuna hawa uku na sama an ɗora su ne ba bisa ƙa'ida ba, kuma a cikin kankaren an ga ɓawon dodon koɗi, alamar da yashin teku aka kwaɓa shi. Gishirin da ke cikin irin wannan yashi yana cin rodi a hankali, har ya zama tsatsa ce ke riƙe da gidan. Mai haya a hawa na biyu ba shi da hanyar sanin haka. Fenti ne kawai yake gani.

Ba adalci ba ne a ce babu wata hujja a ɓangaren gwamnati. Gidajen nan suna nan tsaye da mutane a ciki, babu gwamnatin da za ta iya rushe miliyoyinsu. Mutumin da ya tara gumin shekara talatin a gida ɗaya, ba ya iya sayarwa yadda ya kamata, ba ya iya jinginarwa a banki, kullum yana fargabar katafila, wannan takarda ta kwantar masa da hankali. Kuma 'yan adawa ma ba su fito sun yaƙi dokar da gaske ba, domin su ma masu awon igiyar ne ke zaɓensu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da ya ɓace shi ne sharaɗi: a ce sai an gwada ginin, mai ƙarfi ya sami takarda, mai rauni a taimaka masa ya gyara. Wannan kuwa aiki ne mai cin lokaci, zaɓe kuma saura makonni.

Ranar 6 ga Fabrairu: laifin wa?

Da ƙarfe 4:17 na asuba girgiza mai ƙarfin maki 7.8 ta taso daga yankin Pazarjik na lardin Kahramanmarash. Bayan kimanin awa tara wata mai maki 7.5 ta biyo baya daga Elbistan. Larduna 11 abin ya shafa. A Turkiyya kaɗai mutum sama da 53,000 suka rasu, ban da dubbai a Siriya, kuma gwamnati ta ƙiyasta asarar da ta haura dala biliyan 100. Alƙaluman ma'aikatar da kanta sun nuna cewa a larduna goman da abin ya fi muni, gine-gine kusan 294,000 ne suka karɓi takardar sulhun 2018. Nan da nan aka tono faifan bidiyon gangamin siyasa na 2019, inda shugaban ƙasa ke shaida wa mutanen lardunan Kahramanmarash da Hatay cewa da wannan doka an warware musu matsala.

Daga nan ne fahimta ta fara karkacewa. Mutane da yawa sun ɗauka afuwar ce kaɗai ta kashe jama'a. Ba haka abin yake ba, kuma labarin Christian Atsu ya isa misali. Ɗan wasan na Ghana, wanda ya taɓa buga wa Newcastle, ya ci wa ƙungiyarsa ta Hatayspor ƙwallon nasara ranar 5 ga wata. Ya koma gidansa a Ronesans Rezidans da ke Antakya, babban birnin lardin Hatay, katafaren bene mai hawa 12 da gidaje kusan 250, wanda bai wuce shekara goma da kammalawa ba, ana tallarsa a matsayin wurin zaman masu hali. Ginin ya kife gaba ɗaya. Sai ranar 18 ga wata aka zaƙulo gawar Atsu. Wannan ba gejekondu ba ne. Gini ne mai izini da hatimi. An kama ɗan kwangilar a filin jirgin Istanbul yana shirin ficewa daga ƙasar.

Gwamnati ta tsaya a kan cewa bala'in ya fi ƙarfin kowane shiri, girgiza biyu manya a yini ɗaya, kuma mafi yawan abin da ya faɗi tsofaffin gine-gine ne na kafin 1999. Ta kuma nuna benayen TOKI da ke yankin, waɗanda suka tsaya da ƙafafunsu. A wannan tana da gaskiya. TOKI na yin gini da bangon kankare zalla mai ɗaukar nauyi, kuma galibi a kan tudu mai ƙasa mai tauri. Masu suka suka ce ai wannan hujja ce a kanku: kun san yadda ake ginin da ba ya faɗuwa, me ya hana ku tilasta wa kowa? Suka kuma kawo misalin Erzin, wani gari mai mutum kimanin 40,000 a lardin Hatay, inda babu ginin da ya rufta. Magajin garin ya ce shi bai yarda da ginin da ba izini ba, ko na ɗan'uwansa ne. Masana ƙasa sun ƙara da cewa yanayin ƙasar wurin da ƙarancin dogayen benaye sun taimaka. Duka biyun gaskiya ne.

A kotu, 'yan kwangila da injiniyoyi ne suka fi shan tuhuma. Jami'in gwamnati kuwa, dokar Turkiyya ta ce sai an sami izinin magabatansa kafin mai gabatar da ƙara ya bincike shi kan abin da ya shafi aikinsa. Iyalan mamata sun daɗe suna kokawa cewa wannan izini yana wuyar fitowa.

Sai batun sake gini. Erdogan ya yi alƙawarin gidaje 650,000, da cewa 319,000 za su kammala cikin shekara guda. Shekarar ta cika an miƙa ƙaramin kaso ne kawai, dubban ɗaruruwan mutane suka shekara biyu a cikin kwantena. Amma daga baya aikin ya kankama da saurin da ƙasashe kaɗan ne za su iya, aka miƙa gidaje dubu ɗaruruwa. Ana raba su ne ta hanyar jefa ƙuri'a, abin da Turkawa ke kira "kura", ba kurar daji ba, ƙuri'ar nan ce ta Larabci. A nan ne amfanin tara iko wuri ɗaya ya bayyana: mai filin, mai taswirar, mai kuɗin da maginin duk mutum ɗaya ne, babu mai jiran sa hannun wani. A nan ne kuma illarsa ta fito. A Samandag mazauna sun yi zanga-zanga kan ɓaraguzan da ake jibgewa kusa da gidaje da gaɓar teku, ga fargabar ƙurar asbestos mai jawo ciwon daji. A ƙauyen Dikmeje manoma sun yi ta fafutukar hana ƙwace gonakinsu na zaitun don gina rukunin gidaje. Ofishin da ya kamata su kai wa kuka kan muhalli, shi ne ya turo motocin.

Rusau da sunan ceton rai

Bayan girgizar Van ta Oktoban 2011, wadda ta kashe mutum sama da 600, aka yi doka mai lamba 6306 a 2012 don sabunta wuraren da ke cikin haɗari. A ƙarƙashinta, mutum ɗaya cikin masu gidaje a bene zai iya kiran kamfani mai lasisi ya gwada ginin. Idan sakamako ya ce yana da haɗari, magana ta ƙare, sai rusau. Gwamnati na ba da tallafin kuɗin haya na wani lokaci. Yadda za a sake ginawa da wanda za a ba aikin kuwa, da farko sai kashi biyu cikin uku na masu mallaka sun yarda. A Nuwamban 2023 aka sauko da shi zuwa rinjaye kawai, rabi da ɗoriya.

A ɗauki bene mai gida goma. Shida ma'aikata ne masu albashi, a shirye suke su cika kuɗi a yi musu sabo. A hawa na ƙasa akwai tsohuwa mai cin fanshon mijinta, ba ta da abin cikawa, kuma duk rayuwarta a wannan layi take. Idan ta ƙi sa hannu, doka ta ba da damar a yi gwanjon kasonta. Idan aka bar ginin saboda ita, rayukan gida goma ne a kan siraɗi. Wannan ba tambaya ce mai sauƙin amsa ba, kuma duk wanda ya ce maka tana da sauƙi bai taɓa zama taron maƙwabta ba.

Inda aka fi kuka shi ne yadda kasuwa ta ja akalar dokar. Ɗan kwangila yana zuwa ne inda zai ƙara hawa ya sayar da tsada, don haka unguwannin masu kuɗi da ke kusa da teku suka fi saurin sabuntawa, na talakawa masu ruɓaɓɓen kankare suka zauna jiran tsammani. A Fikirtepe, ɓangaren Asiya na Istanbul, an rushe gidajen mutane, wasu kamfanoni suka karye, aka bar ramuka shekara da shekaru masu gida suna yawon haya, har sai da ma'aikatar ta karɓi aikin a 2021. Gyaran 2023 ya kuma faɗaɗa ikonta na ayyana wuri a matsayin "filin ajiya" don sabon gini, har da unguwar da mutane ke zaune a ciki. A tsakiyar Antakya wannan kalma ta hana masu tapu da yawa barci.

Ina muhallin ya shiga?

Akwai abin a yaba. Daga 1 ga Janairun 2019 aka fara sayar da ledar kanti a kan kurush 25, wato rubu'in lira, amfani da ita ya ragu sosai. Shirin rage shara da uwargidan shugaban ƙasa, Emine Erdogan, ta ɗauki nauyi tun 2017 ya kai har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 30 ga Maris a matsayin ranarsa. Ƙasar ta ce za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shanyewa nan da 2053, kuma a 2025 ta yi dokar sauyin yanayi ta farko, duk da cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na lantarkinta daga kwal yake fitowa, makamashi kuma a wata ma'aikatar yake.

Amma a manyan gwaje-gwaje, muhalli ne ke komawa kujerar baya. A bazarar 2021 wata irin kumfa mai yauƙi, wadda aka yi wa laƙabi da majinar teku, ta lulluɓe Tekun Marmara, ta toshe komar masunta, ta shaƙe halittun ƙarƙashin ruwa. Babban sanadinta ƙazantar birane da masana'antu ce da aka shekara ana turawa cikin tekun ba tare da cikakkiyar tacewa ba, ga ɗumamar ruwa. Ma'aikatar ta fito da shiri mai matakai 22. Ita ce dai a Janairun 2020 ta amince da rahoton muhalli na Kanal Istanbul, mashigin ruwa mai tsawon kilomita 45 da ake son haƙawa daga Baƙin Teku zuwa wannan Marmara ɗin da ke numfashi da ƙyar, kuma ita ta zana taswirar sabon birnin da za a gina a gefensa. A Ilich da ke lardin Erzinjan, tulin ƙasar wata mahaƙar zinare ya zaftare ranar 13 ga Fabrairun 2024, ya binne ma'aikata tara. Amincewar faɗaɗa mahaƙar daga ma'aikatar ta fito a 2021.

A ganina, ba mugunta ko jahilcin wani minista ne matsalar ba. Idan sashen muhalli da sashen gini suna ma'aikatu daban, saɓaninsu zai fito fili, ministoci biyu su ja, jarida ta ji, majalisa ta tambaya. Idan suna ƙarƙashin mutum ɗaya, a cikin ofis ake kashe maganar, kuma ministan da ake auna ƙoƙarinsa da yawan makullan da ya miƙa ya san ɓangaren da zai bi. Abin da ya rage wa ɗan ƙauye shi ne kotu, wadda kafin ta yanke hukunci sau da yawa an riga an zuba kankare.

Ga mai zama ko sayen gida a can

Hausawa da ke da hulɗa da Turkiyya ba kaɗan ba ne: ɗalibai, 'yan kasuwar da ke saro kaya a Istanbul, masu zuwa asibiti, da masu hannu da shuni da dillalai ke kwaɗaita wa cewa gidan dala 400,000 na iya samar wa mutum takardar zama ɗan ƙasa. Tapu shaida ce ta mallaka kawai, ba ta cewa komai game da ƙarfin ginshiƙi. Abin tambaya shi ne shekarar da aka yi ginin, ko yana da "iskan", wato takardar kammalawa daga ƙaramar hukuma, ko kuwa takardar sulhun 2018 ce kawai yake taƙama da ita. A duba hawan ƙasa: idan kanti ne mai faɗi fayau, a tambaya ko an taɓa sare ginshiƙi don a sami wurin baje kaya, domin wannan ɗabi'a ta kayar da benaye da dama a 2023. A kuma tambayi irin ƙasar da aka yi ginin a kai, tudu ne ko cikon gaɓar ruwa.

Tsagar ƙasar Arewacin Anatoliya, wadda motsinta ke haddasa girgiza, ta ratsa ƙarƙashin Marmara, kilomita kaɗan kudu da Istanbul, kuma masana sun daɗe suna cewa babbar girgiza na tafe. Ranar 23 ga Afrilun 2025 wata mai maki 6.2 ta kaɗa birnin da rana tsaka. Ba ta yi ɓarna mai yawa ba, amma mutane sama da ɗari sun ji rauni, da yawansu wajen tsalle daga taga da baranda, kuma a daren dubbai sun kwana a wuraren shaƙatawa da cikin motoci, sun ƙi komawa ɗakunansu. Ma'aikatar da kanta ta ce akwai gidaje kusan 600,000 a birnin da ke buƙatar sabuntawa cikin gaggawa.